Kyamara ta Huɗu

Alhaji Hamajoda ya kira ni tun rana ba ta yi ƙarfi ba,
wai idanu shida na sitonsa sun makance.
Na ɗaure tsani a bayan babur,
na ratsa Yalwa, na gangara wajen gadar Binuwai,
inda ƙamshin bandar kifi ke riga mai shi yin sallama.

A sana'armu ba a fara zargin aljani.
Wuta ake tambaya tukuna:
ta zo? Ta zauna? Ko leƙowa ta yi ta juya
kamar mai bin bashi da ya tarar da zaman makoki?
Na taɓa soket, na shinshina caja,
ƙauri ya ba ni amsa kafin mita ta buɗe baki.

Ta ɗaya ta farka da sabuwar caja.
Ta biyu, ɓera ne ya yi kalaci da wayarta,
na fere, na murɗe, na naɗe da salatif.

Ta uku da rana garau take,
da dare kuwa fari fat, kamar an shanya likkafani.
Har malami aka ɗauko ya yi mata tofi.
Na hau, na sa tsinken tsintsiya:
gizo-gizo ne ya yi saƙa a bakin gilashi,
fitilar dare na dukan zaren, hasken na dawo mata.
Na ce, Alhaji, ga fatalwarka nan, ƙafarta takwas.

Ta biyar zanzaro ya yaɓe da laka, har ya yi ɗaki biyu.
Ta shida ruwan Agusta ya shige mata mahaɗi,
tsatsa ta yi kore kamar gansakuka.
Na'urar ajiya kuma ta ɓata lissafi,
kullum a wurinta ɗaya ga Janairu ne,
don wani ɗan batiri mai faɗin maɓalli ya mutu a cikinta.
Lambar sirri? Alhaji ya lalube aljihu, ya lalube ƙwaƙwalwa,
sai a bayan kalandar bara muka tsinto ta.

Saura ta huɗu.
Wuta na zuwa, hoto tangaran,
amma sama kawai take kallo.
Na sunkuyar da ita, na ɗaure noti har sifana ta yi ƙara.
Washegari ta koma kallon gajimare.
Na sake. Ta sake.
Garwa ba ta da iskar da ke kwance noti.

Sai na dawo bayan isha'i, ba tsani, ba jaka,
na zauna a tabarmar Baba Abakar maigadi.
Ya tsiyaya mini shayi, na fari mai ɗaci,
ga wata doguwar gora jingine a bayansa.
Na dubi gorar. Ya dubi kofinsa.

Ya ce, ɗana, in ka saita ta yadda kake so,
ka taɓa tsayawa ka ga abin da take gani?
Ƙofar sito rabi ce.
Sauran rabin ya haura katanga,
gidan Dada Fanta ne, ita da 'ya'yanta mata,
zanan makewayi, bokiti, zane a kan igiya.
Allon kuwa a shago yake,
yaran Alhaji na gabansa suna ɓarar gyaɗa.
Ni ban iya boko ba, gora na iya.
Gara ta ƙirga taurari.

Shayin ya huce a hannuna.
Shekara tara ina koya wa ƙarfe gani,
ban taɓa koya masa kawar da kai ba.

Da sassafe na cire ta daga kusurwa,
na sauko da ita kamu biyu, na ba katangar baya.
Yanzu ƙofa take gani, da kwado, da buhunan masara,
da ƙafafun Baba Abakar in ya miƙe su.

Alhaji ya tambayi me ya same ta.
A rasit na rubuta: noti ne ya yi sanyi.
Ya biya, har da na mai.
Gorar kuwa ta koma aikinta na da,
kaɗo mangwaro.